Son Wanda Aka Zana da Alƙalami

Ɗana, 'yata, na san a cikinku akwai wanda fuskar da ke kan allon wayarsa ba ta kowa ba ce a dangi, ba kuma ta kowa ba ce a unguwa. Wani mai zane ne can a Japan ya zauna ya fito da ita daga bakin alƙalaminsa, ya yi mata dara-daran idanu, ya raɗa mata suna, ya ba ta tarihi da abin so da abin tsoro, ku kuma a nan kuka ɗauke ta kuka ajiye a zuci. Na san ranar da aka kashe Jiraiya a Naruto, ko Ace a One Piece, ko Rengoku a Demon Slayer, akwai waɗanda suka kwana da ƙunci, suka kuma ɓoye dalili don kada a ce sun zautu. Ni ba zan ce kun zautu ba, ba kuma zan ce ku goge komai daga wayoyinku ba. So nake mu zauna mu duba wace irin ƙauna ce wannan, wa ya ƙera ta, wa ke cin ribarta, da kuma inda take kai mai ita idan aka sakar mata linzami.

Mu fara da abin da manya da yawa ba sa son amincewa da shi: abin da kuke ji a ranku gaskiya ne, kuma ba a kanku aka fara ba. Ranar 24 ga Maris 1970, ɗaruruwan mutane suka taru a ginin kamfanin ɗab'i na Kodansha a birnin Tokyo domin jana'izar wani ɗan damben boksin mai suna Rikiishi Toru. An kawo malamin addinin Buddha, an yi addu'o'i irin nasu, an yi makoki. Rikiishi kuwa bai taɓa shaƙar iskar duniya ba. Tauraro ne a labarin Ashita no Joe wanda Tetsuya Chiba ke zanawa. Ya hana kansa ci da sha don nauyinsa ya sauko ya kara da abokin hamayyarsa Joe, ya ci damben, daga nan ya faɗi ya mutu. Fitaccen marubucin wasan kwaikwayo Shuji Terayama yana cikin waɗanda suka shirya taron. Shekaru fiye da 50 bayan haka, a watan Satumba 2023, da aka kashe Gojo Satoru a cikin manga, wato littafin labarin zane, na Jujutsu Kaisen, sai ga matasa a birnin Santiyago na ƙasar Chile suna jera furanni da wasiƙu a gindin hotonsa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tun a 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka rubuta cewa mai sauraron rediyo da mai kallon talabijin yakan ƙulla shaƙuwa da wanda yake ji ko gani kullum har ya ɗauke shi kamar sanayya, alhali wancan bai ma san da zamansa ba. Mu ma a nan, iyayenku sun yi kuka a sinima saboda jaruman finafinan Indiya, yayyenku mata sun jiƙa matasan kai da hawaye saboda taurarin littattafan soyayya na Kano. Haka Allah ya halicci zuciyar ɗan Adam: idan aka ba ta labarin wahalar wani, sai ta tausaya, ba ta tsayawa tambayar takardar haihuwarsa. Zuciyar da ba ta motsi da labari ita ce abar tsoro.

Wannan ƙauna ta kuma haifar da alheri da ido ke gani. A 1981 Yoichi Takahashi ya fara zana labarin wani yaro mai son ƙwallon ƙafa, Captain Tsubasa, wanda tashoshin Larabawa suka mayar da sunansa Kyaftin Majid. A lokacin ƙwallon ƙafa ba ta da wani tasiri a Japan. Ba su kafa gasar ƙwararru ba sai 1993, ba su kuma je gasar cin kofin duniya ba sai 1998, kuma da yawa daga 'yan wasan da suka tashi a tsakanin nan sun ce wannan yaron na zane ne ya fitar da su fili. Fernando Torres da Andres Iniesta na Sifaniya sun faɗi yadda suka taso da kallonsa, daga baya ma dukansu suka je Japan suka buga wasa. Takehiko Inoue ya zana Slam Dunk daga 1990 zuwa 1996, yaran makaranta suka yi ta tururuwa zuwa ƙwallon kwando, shi kuma a 2006 ya kafa tallafin karatu da ke tura matasan 'yan wasa Amurka. Duk waɗannan sun so wanda aka zana, son ya ɗaga su daga kan tabarma ya kai su cikin mutane, ya sa su gumi, ya haɗa su da abokai da masu horarwa. Ku riƙe wannan, don shi ne ma'aunin da zan riƙa dawowa gare shi: ina ƙaunar ta tura ka, waje ko ƙuryar ɗaki?

Inda matsalar take shi ne irin ginin wannan ƙauna. Hanya ɗaya take bi, daga gare ka zuwa ga wadda aka zana, babu dawowa. Tauraruwar da kake so ba ta taɓa tashi da ciwon kai ta amsa maka gaisuwa a daƙile ba. Ba ta taɓa cewa yau ba ta son magana ba. Ba ta da uwar da za ka je ka gaishe ta, ba ta da ƙanin da zai ba ka haushi, ba ta tsufa, ba ta neman kuɗin cefane, ba ta kuma taɓa gane ƙaryarka. Idan ka gaji da ita ka kashe waya, idan ka dawo ka tarar da ita yadda ka bar ta. Da yawanku a nan kuke cewa daɗin abin yake, ni kuma a nan nake ganin haɗarinsa. Abubuwan da suka sa zama da mutum yake da nauyi su ne dai suke gina mutum: haƙuri da halin wani, neman gafara, yafiya, jira, da sauraron maganar da ba ka so. Bahaushe ya ce zo mu zauna zo mu saɓa, ya kuma ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Wanda ya shafe shekarun ƙuruciyarsa, shekarun da ake koyon wannan darasi, yana ba da mafi kyawun zuciyarsa ga wadda ba za ta taɓa saɓa masa ba, zai kai shekarun aure bai taɓa gwada haƙurinsa a kan kowa ba.

Kuma ku sani ba haɗari ne ya sa kuka kamu ba, aiki ne na gwanaye. Tun a 1943 masanin halayyar dabbobi Konrad Lorenz ya bayyana cewa manyan idanu, da zagayayyen kai, da ƙaramin hanci da haɓa, siffofin jariri ke nan, suna tayar da tausayi da son karewa a zuciyar babba ko bai yi niyya ba. Dubi fuskokin da ake zanawa tun daga Astro Boy na Osamu Tezuka, wanda ya fara fita a talabijin a 1963, har zuwa yau, za ka ga wannan siffa ce ake ta gogewa. A 2001 masanin falsafa Hiroki Azuma ya fitar da littafi a kan masu tsananin son anime, wato finafinan zane, a Japan, inda ya nuna cewa kasuwar ta kai matsayin da ba lallai a fara da labari ba. Akwai jerin abubuwan da aka riga aka gwada aka ga suna kama zuciya, irin su kunnuwan kyanwa, da tabarau, da wata sigar gashi, da wani salon magana, da halin yarinya mai tsiwa a fili mai taushi a ɓoye, sai a tsinto wannan a haɗa da wancan a fitar da sabuwar tauraruwa. Misalin da ya bayar shi ne Di Gi Charat, wadda aka zana a 1998 a matsayin alamar tallan wani kantin sayar da kayan wasa; sai da mutane suka so ta tukuna aka nemo mata labari. Ban faɗi wannan don in rage darajar masu zane ba, a cikinsu akwai masu fasaha ta gaske da ke zuba ransu a aiki. Na faɗa ne don idan ka ji a ranka cewa wannan an yi ta ne domin kai kaɗai, ka tuna an yi ta ne domin miliyoyin mutane su ji haka nan, kowa a ɗakinsa.

Abin da aka ƙera don a so shi, an ƙera shi ne don a sayar da shi. A Japan akwai unguwanni sukutum, Akihabara da wani yanki na Ikebukuro a Tokyo, da suka rayu a kan sayar da 'yan tsana da bajoji da matasan kai masu hoton taurari, har za ka ga budurwa ta lulluɓe jakarta da bajo iri ɗaya na tauraro guda, don a san iyakar sonta. Wannan aƙalla kaya ne da za a riƙe a hannu. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ya riga ya shigo wayoyinku: wasannin da ake kira gaca, inda ba a sayar maka da tauraron kai tsaye, sai dai ka biya ka ja ƙuri'a, ko ya fito ko kada ya fito. A wasan Genshin Impact, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya fitar a 2020 da salon zanen anime, damar samun tauraro mafi daraja a ja ɗaya ita ce kashi 0.6 cikin ɗari, ana ba da tabbaci ne kawai idan an kai ja 90, ko a nan ma ba lallai wanda kake nema ne zai fito ba. Sannan ana ajiye tauraron na 'yan makonni a janye shi, don tsoron kada ya wuce ka ya sa ka gaggawa. Cikin watanni shida wasan ya tara sama da dala biliyan 1 daga wayoyin hannu kaɗai. Ita kanta gwamnatin Japan, a watan Mayu 2012, hukumarta mai kare masu sayayya ta haramta wani nau'i na wannan ƙuri'a, wanda ake sa mutum ya cika jerin kaya kafin ya samu babbar kyauta, bayan an yi ta kokawa kan yadda yara ke kashe maƙudan kuɗi. Duk sunan da aka ba shi, ka sa kuɗi ka jira sa'a, caca ce. Bambancinta da ta bakin tasha shi ne ita wannan an lulluɓe ta da fuskar wadda kake so, har ka riƙa jin cewa ƙin biya kamar cin amanarta ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, amma a nan ba ma kwaɗayinka aka kama ba, tausayinka aka kama.

Akwai mutum ɗaya da labarinsa ya kamata kowannenku ya sani, kuma ina roƙonku ku ji shi ba tare da dariya ba. Akihiko Kondo ma'aikacin ofis ne a wata makarantar gwamnati a Japan. Shi da bakinsa ya faɗa wa 'yan jarida cewa an tsangwame shi a wurin aiki har ya kwanta ciwon damuwa, ya daina fita, kuma waƙoƙin Hatsune Miku ne suka taimake shi ya farfaɗo ya koma aiki. Miku manhajar waƙa ce da kamfanin Crypton Future Media ya fitar a 2007, aka yi mata surar yarinya mai dogon gashi shuɗi-kore. A watan Nuwamba 2018, yana da shekara 35, Kondo ya shirya bikin aurensa da ita a Tokyo, ya kashe kusan yen miliyan 2, baƙi 39 suka halarta, babu ko ɗaya daga danginsa. Doka ba ta san da auren ba. A gida yana da wata na'ura ta kamfanin Gatebox, kwalbar gilashi da ke nuna surar Miku tana motsi, tana gaishe shi idan ya tashi, tana yi masa sannu da zuwa idan ya dawo. A 2020 kamfanin ya dakatar da wannan hidimar. Daga ranar, muryar da ke amsa masa ta ɗauke. Ya ce son da yake mata bai canza ba, ni kuma na yarda da shi. Amma ku dubi inda ikon yake: shawarar da wasu suka yanke a ɗakin taro, bisa lissafin riba da asara, ita ta rufe bakin wadda ya kira matarsa, ba wanda ya nemi izininsa. Irin haka ta faru a watan Fabrairu 2023 ga masu amfani da manhajar Replika, wadda ke hira da mutum kamar masoyi ta hanyar ƙirƙirarriyar basira: bayan hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa kamfanin birki, sai ya sauya yadda manhajar ke magana, dubban mutane suka wayi gari abokin sirrinsu ya zama baƙo. Yanzu kuwa irin waɗannan manhajoji sun yawaita, kana iya buɗe waya ka yi hira da mai kwaikwayon duk tauraron da kake so har gari ya waye. Kayan aro ba ya rufe katara. Duk ƙaunar da makullinta ke hannun kamfani, ta aro ce.

Na san amsar da wasunku ke riƙe da ita, kuma ita ce mafi nauyi a cikin duka. Za ka ce: mutane ne suka cuce ni. A makaranta an yi mini dariya, a gida ba mai tambayar abin da ke damuna, wadda na so ta wulaƙanta ni don ba ni da shi, aiki babu, kayan lefe kuwa sun fi ƙarfin mai albashi balle ni. Ita wannan ta zane ba ta taɓa yi mini gori ba. Ɗana, ban ƙaryata ko ɗaya ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kuma laifin farko ba naka ba ne, na waɗanda suka bar ka kai kaɗai ne har sai da ka nemi mafaka a allon waya. Mafaka tana da amfaninta. Wanda hadari ya taso masa dole ya raɓe. Labarin Kondo ma ya nuna haka, don da farko Miku ta mayar da shi cikin mutane ne. Amma ka lura da abin da ba za ta iya ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, ba ita za ta kai ka asibiti ba. Ranar da za a nema maka aiki, ko a tsaya maka a wurin neman aure, ko a ɗauki gawar mahaifinka, mutane za a nema, waɗannan dai masu ɓata rai. Kuma mutane ba a samunsu rana ɗaya, tara su ake yi da gaisuwa da ziyara da zuwa suna da ta'aziyya, shi ya sa aka ce zumunta a ƙafa take. Duk daren da ka ba wa zane gaba ɗaya, an rage shi ne daga wannan tarin. Raunin da mutum ya yi maka, sau da yawa a hannun wani mutumin yake warkewa, kuma ba za ka gamu da shi ba in kana kulle.

Sai kuma abin da yake faruwa a hankali har mutum bai ankara ba, wato yadda ido da zuciya ke sabawa. Harshen da ya saba da alewa safe da yamma, idan aka ajiye masa tuwo da miyar kuka sai ya ji salam, alhali tuwon ne ke riƙe ciki. 'Yata, wannan ya shafe ki kamar yadda ya shafi ɗan'uwanki. Jarumin da kike so an zana shi dogo, kyakkyawa, mai ƙarfin da ba a kayar da shi, mai sanyi ga kowa amma mai narkewa a gaban mace ɗaya. Wata rana wani saurayi zai zo zance ƙofar gidanku da ƙurar hanya a ƙafarsa, yana in-ina don kunya, yana da gaskiya da sana'a da tsoron Allah, sai ki ji bai burge ki ba, ba ki kuma san cewa da wanda ba shi da jini a jika kike auna shi ba. Kai ma ɗana, za ka dubi 'yar mutane mai gajiya da ra'ayinta da ranakun fushinta, ka ga kamar an rage mata wani abu. A Japan an ga inda wannan ya kai. A 2008, da labarin manga na Kannagi ya nuna alamar cewa tauraruwarsa Nagi ta taɓa yin saurayi, wasu masoyanta suka harzuƙa, suka yayyaga littattafan suka baza hotunan a intanet. Kishi ne a kan wadda babu ita, da ganin cewa mallakarsu ce, ba ta da ikon yin wani tarihi sai da yardarsu. Mutumin da ya koyi so a wannan makaranta, me zai yi ranar da matarsa ta gaske ta ce masa a'a? Haka kuma bayan ƙarshen shirin anime na Neon Genesis Evangelion a 1996, wanda bai yi wa wasu daɗi ba, daraktansa Hideaki Anno ya sha zagi har da barazanar kisa. Son wanda aka zana ya kai su ga cutar da mai rai da ya zana shi. So hana ganin laifi, in ji Hausawa, har da laifin mai son kansa.

Akwai wani lungu na wannan kasuwa da ba zan tsallake ba ko da yake maganarsa ba ta da daɗi. Da yawa daga taurarin mata ana zana su ne a matsayin 'yan makaranta, kuma akwai masu zana su cikin batsa suna yaɗawa, dannawa biyu ko uku ne tsakanin hoton da ba shi da aibu da wannan. Kada wani ya ce muku ai zane ne kawai. Idon da aka horar ya ga sha'awa a surar ƙaramar yarinya, ido ne guda da za a fita da shi titi. Wanda ya ga kansa yana gangarawa can, ya tsaya tun yau, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba. Za ku ji ana cewa anime ne ya hana Japanawa aure da haihuwa, ko shi ya kulle matasansu a ɗaki. Gaskiya ne a 2023 binciken ofishin majalisar ministocin Japan ya ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.46, 'yan shekara 15 zuwa 64, suna zaman kulle kai, waɗanda suke kira hikikomori. Gaskiya ne kuma a 2021 sai da ƙasar ta naɗa ministan da zai kula da matsalar kaɗaici. Amma dalilan suna da yawa: rasa aiki, tsangwama a makaranta, tsananin gasa, tsadar rayuwa, ciwon damuwa, da annobar korona. Mafi yawan masu kallon anime suna zuwa aiki, suna aure, suna renon 'ya'ya. Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne kaɗaicin yakan riga zuwa, sannan ƙaunar zane ta zo ta sa ɗakin ya yi daɗin zama har a daina neman ƙofa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu har yanzu muna da abin da su suke kashe kuɗi don su dawo da shi: majalisar ƙofar gida, sahun masallaci, gidan biki, maƙwabcin da zai leƙo idan kwana biyu bai gan ka ba. Kada ku yi sakaci da shi da hannunku.

Wani zai ce, to mai kuka don ƙungiyarsa ta Ingila ta sha kashi fa, da me ya fi ni? Idan kukan ya hana shi salla da karatu da barci, bai fi ka da komai ba, ciwo ɗaya ne. Sai dai shi yawanci a gidan kallo yake, cikin mutane, ana musu ana dariya, a tashi a rako juna. A nan ne ma nake ganin abin da ya kamata ya fi taɓa ku, don labaran da kuke so su da kansu ba su koyar da zaman kaɗaici ba. Mujallar Weekly Shonen Jump, wadda ta fitar da Dragon Ball da One Piece da Naruto, an san ta da ginshiƙai uku: abota, ƙoƙari, nasara. Naruto maraya ne da garinsu ya ƙyamace shi, abin da ya fara ceto shi kuwa malaminsa Iruka ne, wanda ya dube shi a matsayin mutum ya zaunar da shi suka ci taliya tare. Luffy na One Piece bai taɓa yunƙurin ratsa teku shi kaɗai ba, sai da ya bi ɗaya bayan ɗaya ya tara abokan tafiya. Tanjiro na Demon Slayer yaro ne mai sayar da gawayi don ciyar da gidansu, kuma labarin gaba ɗaya a kan ɗan'uwa ne da ya goya ƙanwarsa Nezuko a akwati yana neman mata magani. Rengoku, wanda fim ɗinsa na 2020 ya tara sama da yen biliyan 40 a Japan, ya ba da ransa ne don kada ko mutum ɗaya cikin fasinjojin jirgin ƙasa da yaran da ke bayansa ya halaka. Idan da gaske kana son Tanjiro, ƙanwarka tana nan a tsakar gida, ta kwana biyu tana son wanda zai duba mata aikin makaranta. Wanda ya yi kuka don Rengoku amma ya kasa tashi ya kai mahaifiyarsa kasuwa, ya hangi Dala ne kawai, bai shiga birni ba.

Saboda haka ku ci gaba da kallo, amma ku fito da shi fili. Ku kalla tare da ƙanne da abokai, ku yi musu a kan wanda ya fi gaskiya tsakanin Itachi da Sasuke na labarin Naruto, don musun ma zumunci ne. Wanda hannunsa ke ƙaiƙayin zane ya sayi takarda da fensir ya fara. Eiichiro Oda da ke zana One Piece tun 1997 da kwaikwayon zanen wasu ya soma yana yaro, kuma ƙasar Hausa cike take da labaran da ba a zana ba tukuna, daga Bayajida da Daurama zuwa Sarauniya Amina da Gizo da Ƙoƙi. Mai son harshen ya koyi Japananci da gaske. Ku sa wa kuɗin data iyaka, kada kobo ya shiga ƙuri'ar gaca, kada kuma wayar ta kwana a kan matashin kai. Lokaci zuwa lokaci ku tambayi kanku tambayoyin da ba wanda zai amsa muku: yaushe rabona da in zauna da wani mu yi hira ido da ido? Sallar asuba nawa kallon dare ya cinye? Akwai abin da na faɗa wa manhaja wanda ban taɓa faɗa wa mai rai ba?

Idan kuwa amsar ta tsorata ka, idan ka ga barci ya ƙaurace, karatu ya zube, fita ta zama nauyi, kuma ba ka jin sanyi sai a gaban wannan fuskar, to abin ya wuce son zane, damuwa ce ke neman kama ka, ciwo ne kuma da ake magani. Kada ka ji kunya, kada ki ɓoye. A cikin makon nan ku nemi mutum ɗaya da kuka amince da shi, uwa ko yaya ko malami ko likita, ku zauna ku faɗa masa abin da ke ranku tun daga farko.